Wa Ya Ji Wasiyyar Baba Kabiru Mai Ƙaho?

Kai da kake karanta wannan, ka taɓa yawo da muryar mamaci a aljihunka, ka rasa gane ko amana kake ɗauke da ita ko zunubi? In ba ka taɓa ba, to ka daure ka kai ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci, don na san masu yanke hukunci tun a layin farko sun fi masu karatu yawa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Abdulkabir na Tudun Marke, wanda manoman gefen dam ɗin Watari suka sani da Baba Kabiru Mai Ƙaho. Ya rasu a wani asibiti a cikin birni bayan kwana uku yana fama da numfashi. Shekararsa sittin da takwas. Ya bar 'ya'ya biyu, Kamaruddeen da Muhsina, da jikoki bakwai. An kai shi bayan la'asar ana yayyafi, gero ya fara fitar da kai a gonakin da muka ratsa da makara.

Yau kwana goma sha biyu ke nan, Baba. Tun ranar uku nake zama in rubuta maka ta'aziyya, sai in duba in ga zagi ne ke fitowa, in yage takardar. Da kana nan na san abin da za ka ce: "Muntaka, sauke murya, ba a Dawanau kake ba." To na sauke. Ba wai na huce ba ne, gajiya ce kawai ta kama ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Muntaka, mai ɗinkin buhu a kasuwar Dawanau da kaka, manomin albasa da rani. A aji huɗu na firamare karatuna ya tsaya. Sauran a jikin tsofaffin jaridun da ake naɗe tsire na koya, da littattafan da ake bazawa a ƙasa a bakin titi, waɗanda rabinsu babu bango. Daga nan na fara rubuta waƙa, amma ba ta rerawa ba, irin wadda mutum ke tsayawa ya faɗa da baki kamar mai kai ƙara. Ban da fushi babu komai a cikinta. Ina jin haushin masu rabon ruwa, ina jin haushin dillalai, ina jin haushin wanda ya gaishe ni da wanda bai gaishe ni ba.

A haka ka tsince ni. Da ranin bara, wata rana bayan azahar ina komawa fadama, na ji wani sauti yana fitowa daga rumbun albasarka, kamar saniyar da mura ta kama tana kuka cikin ladabi. Na leƙa. Kana zaune a kan buhu, wani lanƙwasasshen ƙarfe ruwan zinare rataye a wuyanka, ka cusa tsohuwar safa a bakinsa don kada maƙwabta su ji. Mu 'yan baya mun tashi mun ji ana ce maka Mai Ƙaho, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Ka ɗago ka dube ni, ka ce, "Ka shigo ko ka wuce, amma kada ka tsaya mini a ƙofa kamar mai karɓar haraji."

Na shiga. Ka ce sunan abin saksofon, amma in ce ƙaho, ba zai yi fushi ba. Ka ce wajen wani dattijo ɗan Gana ka koya kana saurayi, kuka yi shekara goma sha takwas kuna kiɗan da ake kira jaz a wani otal a Sabon Gari. Da otal-otal suka daina ajiye makaɗa, ka naɗe kayanka ka dawo gonar mahaifinka. Shekara ashirin da biyar kana busa a rumbu da safa a bakin ƙaho. Ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a wurin busawa, wanda shi ke ba abin murya, ya daɗe da ƙare maka, kuma babu mai sayarwa a nan kusa. Sai ka koma feƙe gora da aska, kana jiƙawa a kofin shayi. Cikin goma, da ƙyar ɗaya ke yin magana.

Da na saba da zuwa, wata rana na karanta maka waƙata a kan yadda ake rabon ruwan dam, masu baki su sha da safe, marasa baki su jira abin da ya rage. Na zuba ta a tsaye, ban tsaya haɗiyar yawu ba. Ka bari na gama, ka ce, "Ka faɗi gaskiya, amma ba ka ba ta wurin zama ba. Bakinka kamar injin niƙan da aka manta ba a kashe ba." Na yi fushi na fita, na yi mako guda ban dawo ba. Ranar da na dawo ba ka tambaye ni inda na shiga ba. Cewa kawai ka yi, "Jaz hira ce. Ka faɗi taka, ka yi shiru, in ba ka amsa. Wanda ba ya shiru ba hira yake ba, wa'azi yake, kai kuwa ko gemun wa'azin ba ka ajiye ba."

Ni na kawo maka Basiru, abokina tun muna yara, mai shagon cajin waya da turin waƙoƙi a bakin kasuwarmu. Yana da wata tsohuwar kwamfuta da ya koyi haɗa kiɗan gambarar zamani a kanta. Ya kunna maka abin da yake taƙama da shi, ganga tana dukan ƙirji, komai a daidai kamar faretin sojoji. Ka saurara, ka ce, "Basiru, wannan kiɗan naka bai taɓa ɗaukar kaya a ka ba." Washegari ka ja mu fadama, ka sa ya ɗauki ƙarar injin ban ruwa, amma ka hana shi dannawa sai da mai ya kusa ƙarewa, injin ya fara ɗingishi, ya buga uku daidai, na huɗu ya makara. Ka ɗaga yatsa ka ce, "Nan. Haka mutum yake tafiya in ya gaji, kuma bai fasa ba." Bayan haka ka sa Muhsina ta nemo mana izinin matan gidanta, aka ɗauki luguden da suke yi a turmi. Basiru ya yayyanka, ya shimfiɗa injin a ƙasa, lugude a kansa, ni in faɗi tawa, kai ka ba ni amsa.

A bukkarka ta can ƙarshen fadama muke ɗauka, tsakanin azahar da la'asar, inda ba mai ji sai tsuntsaye. Ranar farko a can ka zare safar. Wallahi sai da na zauna. Wata biyu ina jin wannan ƙaho a shaƙe, ban san muryar mutum ke cikinsa ba. Idan na faɗi layi mai zafi, sai ka amsa da wani abu mai sanyi, kamar tsoho yana ce wa yaro na ji, na ji, ci gaba. Idan na yi taushi, kai kuma ka hau sama. A rani biyu muka haɗa waƙoƙi goma sha ɗaya. Na matsa a sake su mutane su ji, ka ce a bari su cika goma sha biyu, bayan an kai gero gida.

Sau ɗaya tak ka yarda muka fita. Wasu matasa a birni suna taron masu faɗar waƙa da yamma, suka ba mu minti goma. Ka sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Su al'adarsu in abu ya yi musu daɗi ba sa tafi, yatsu suke ƙyastawa. Muna tsakiyar yi ɗakin ya ɗauki ƙyas-ƙyas, ka cire ƙaho daga baki ka raɗa mini, "Waɗannan kaji suke kira ne?" Na kasa ci gaba don dariya, kai ka rufe mini wurin da busa har na dawo hayyacina. A adaidaita sahu muna komowa, da muka wuce Ungogo ka ce, "Ashe akwai sauran kunnuwa a garin nan."

Kada wani ya ɗauka busa kaɗai na zo in yaba. Mutanen Tudun Marke sun san abin da zan faɗa, ko da yanzu sun sunkuyar da kai. Injin ban ruwa nawa ka gyara a fadamar nan? Ba ka buɗe inji sai ka saurare shi tukuna. Ka tsuguna, ka karkata kai, ka ce matsalar a wuri kaza take, a buɗe a tarar haka ne. Ba ka taɓa karɓar ko goro ba. Shekarar da ruwa ya wanke wa mutane irin albasa, ka raba naka har ka rasa na cika gonarka. Bayan rasuwar maƙwabcinka, kai kake bar wa matarsa layin ruwanka na safe, kai ka jira na tsakar rana. Ranar da na ɗaga fartanya ga mai rabon ruwa, kai ka shiga tsakani, ka riƙe mini hannu, ka ce, "Je ka rubuta, ya fi ciwo, kuma ba a ɗaure mutum a kansa da wuri." Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ina Dawanau, kai ka riƙa aiko mata da kunu kullum har na dawo. Kunnen da ya gyara muku inji kyauta, shi ne dai kunnen da ke cikin ƙahon. Ba ku taɓa cewa a raba su ba sai da ya mutu.

Ni ba malami ba ne, ban kuma zo yin fatawa ba. Na taɓa tambayarka kai tsaye ko abin da muke yi laifi ne. Ka daɗe kana goge ƙaho da gefen riga, sannan ka ce, "Na tambayi malamai uku, na sami amsa huɗu. Ni dai ban taɓa busa ta cinye mini salla ba, ban taɓa busa wa mai giya don ya ƙara ba tun da na bar otal. Sauran ina roƙon Allah ya yafe." Kuma na shaida, ko a tsakiyar ɗauka muke aka kira la'asar, a nan kake ajiyewa, ko da saura numfashi ɗaya. Basiru har mita yake yi. Amma ban taɓa jin ka ce ka tabbata ba, kuma ba zan ƙaga maka tabbacin da ba ka yi ba.

Ranar Asabar da numfashi ya sarƙe maka, ni da Muhsina muka sa ka a adaidaita ana ruwa. A hanya ka laluba naɗin hularka, ka zaro ɗan memorin da Basiru ya tura maka waƙoƙin a ciki, wanda kake sawa a rediyonka in kana gona. Ka danƙa mini, ka ce, "Riƙe mini, kada ruwa ya taɓa shi." Iyakar abin da ka faɗa ke nan. Ba ka ce in yaɗa ba, ba ka ce in goge ba. Riƙe mini ka ce, kamar mai shirin dawowa ya karɓa.

Ga abin da ya biyo baya, ga wanda bai halarta ba. Ranar sadakar uku, an gama addu'a ana shirin tashi, Kamaruddeen ya miƙe a gaban liman da jama'a. Ya ce wani mutum ya same shi ya shaida masa cewa mahaifinsa ya bar wasiyya a asibiti, a goge duk wani kiɗa da ya taɓa yi, kada ya riƙa binsa kabari. Ya ce yana roƙon duk mai wani abu a waya ko a kwamfuta, don Allah, don darajar mamaci, ya goge. Bai faɗi sunan mutumin ba, ba kuma wanda ya tambaya. Mu a nan in aka haɗa mutum da Allah a kan tabarmar makoki, ba ya cewa a kawo shaida. Waɗanda suke da bidiyon taron birni suka zaro waya a wurin suka goge. Basiru ya tashi ya nufi shago. Kafin in cim masa ya gama, ya share komai, har inda kwamfuta ke ajiye abin da aka zubar. Na tarar da shi zaune yana hawaye, ya ce, "Muntaka, in da gaske ne fa? Ni zan sa a yi wa Baba azaba saboda ƙarar inji?" Na zo da niyyar in zage shi, sai na fasa. Ƙauna ce ta sa shi, kuma ita ce ta fi ba ni haushi.

Washegari mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo ta layinku da kurarsa, aka fito masa da ƙahon. Yara sun ce ya ɗora a sikeli, kilo biyu da rabi. Ya taka bakinsa da ƙafa don ya shiga buhu. Na bi sawunsa har ƙauye uku ban same shi ba, na dawo ƙafata duk taɓo, na kwanta.

Saboda haka abin da ya rage na shekara arba'in da wani abu da ka yi kana busa, shi ne wannan ɗan abu da bai kai farcen babban yatsa ba, a naɗe cikin leda a aljihuna. Ban kunna shi ba tun da ka ba ni. Ban kuma goge ba.

Kamaruddeen, yayana, ba da kai nake faɗa ba, ko da na san za a kai maka wannan a ce na zage ka. Na ga yadda ka goya shi a bayanka ka hau matakalar asibiti da ka iso. Na san abin da ka sha kana yaro ana ce maka ɗan makaɗi, na san gidan da aka hana ka aure saboda wannan sunan, na san yadda abokan cinikinka suka riƙa nuna maka bidiyon nan suna dariya. In ka ji an ce mahaifinka ya yi wasiyya, dole ka tashi, ni ma da zan tashi. Abin da nake tambaya ɗaya ne: wa ya ji? Kwana ukun nan ni da Muhsina muke karɓa-karɓa a gefen gadonsa. Abin shaƙar iska na rufe da bakinsa, kalma biyu ba ta haɗuwa sai ya huta. Ban ce ba zai yiwu ba. Ina fita salla, ina fita karɓo magani, 'yan dubiya sun yi ta shiga. Wataƙila a ɗaya daga cikin waɗannan mintocin ya faɗa wa wani abin da bai iya faɗa mini ba don ya san halina. Wannan tunanin shi ke hana ni sukuni. In ya faɗa, ina riƙe da abin da ya ce a ƙone. In bai faɗa ba, wani ya sa wa mamaci magana a baki, ya sa an shafe shi da hannun masu ƙaunarsa.

Ran kwana tara Muhsina ta zo gidanmu. Ba ta yi mini magana ba, wajen mahaifiyata ta zauna, ni ina zaure ina ji. Ta ce, "Inna, ki ce wa Muntaka ba kiɗan nake so ba. Akwai wata, ta bakwai ina jin, a farkonta Baba ya yi tari, ya yi dariya, ya ce a sake, Muntaka ya cinye mini wuri. Ita kawai nake son ji. Ba shi da murya a wayar kowa, bai iya aika saƙon murya ba." Mahaifiyata ta leƙo ta dube ni. Na ce ba zan iya ba tukuna, sai na san gaskiyar wasiyyar nan. Muhsina ta ce, "To, Allah ya kai mu," ta gyara mayafi ta tafi. Ni da na tsaya gaban mai rabon ruwa da fartanya, na kasa ɗaga ido in dubi bayanta.

Na gaji, Baba. Na gaji da gardama da kaina, na gaji da taɓa aljihu duk bayan taku goma. Jiya na je fadama, wani ya tayar da inji, mai ya kusa ƙarewa, ya fara ɗingishin nan. Na tsaya ina jira ka shigo a inda ka saba shigowa. Na bar maka wurin, kamar yadda ka koya mini.

Allah ya jiƙan Malam Abdulkabir, ya gafarta masa abin da ya sani da abin da bai sani ba. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya sauƙaƙa masa tambaya, ya musanya masa numfashin da ya ƙuntace masa da ni'imar da ba ta yankewa. Ruwan da ya bar wa bazawara, da irin da ya raba, da rigimar da ya kashe, Allah ya sa ya tarar da su a mizani. In akwai laifi a abin da muka yi a bukkar nan, ni na matsa, ni na kawo Basiru, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kamaruddeen da Muhsina da 'ya'yansu, da 'yan'uwansa, da Basiru, da duk manomin da injinsa zai tsaya bana ya rasa mai saurara masa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan.

Saura kai, wanda ya je wa Kamaruddeen da maganar wasiyya. Ban san ka ba, amma kai ka san kanka, kuma na tabbata za a karanta maka wannan. Ranar sadakar arba'in za a sake shimfiɗa tabarmar nan a ƙofar gidan, liman zai zo, jama'a za su zo, ni ma zan zo da memorin a hannuna. Ka tashi a inda Kamaruddeen ya tashi. Ka faɗi ranar, ka faɗi lokacin, ka faɗi kalmomin da ya furta, ka ce Allah ne shaidarka. In ka yi haka, ba zan yi musu ko da kalma ɗaya ba, a gabanka zan ɗora shi a kan dutse in farfasa da hannuna, in roƙi Baba gafarar jinkirin da na yi. In kuwa aka shafa fatiha ba ka tashi ba, zan ratsa jama'a in miƙa shi cikin gida, 'yarsa ta ji dariyar mahaifinta.

A bainar jama'a aka goge shi da maganarka. A bainar jama'a za ka amsa. Ka fito ka faɗa mana: yaushe ya ce maka, kuma me ya ce?